Jan Ƙyallen Baba

"Mama, mu gudu, boka ne!"

Haka 'yata Hafsa, 'yar shekara shida, ta faɗa jiya da muka je gida Roni, ta ƙanƙame zanena. Mahaifina take nunawa. Ba ta taɓa ganinsa a bakin aikinsa ba sai jiya, yana shanya sassaƙe da saiwoyi a kan jan ƙyallensa, maganin shawara da basir da ya tsufa yana ba mutane.

Baba ya miƙo hannu yana dariya. "Amaryata, yau ba gaisuwa?"

Ta ce, "A fim duk mai jan ƙyalle kashe mutane yake yi."

Dariyar ta ɗauke. Baba ya tattara saiwoyin, ya naɗe ƙyallen ya tura ƙarƙashin tabarma.

Har muka dawo Kazaure na kasa zaune na kasa tsaye. Ni ce fa nake miƙa mata waya kullum don ta bar ni in yi girki.

Masu shirya fim, ba ku taɓa ganin mai magani mai salla ba ne? Jama'a, ku faɗa mini, da wane baki zan ba Baba haƙuri?