Ranar da Ƙafafuna Suka Riga Ni Mutuwa

A ƙarshen shekarun saba'in, basur ya hana ni zama a kan buhunan gero a motar Maigatari, dole na yarda a yi mini aiki a Gumel. Likita ya sa na lanƙwasa baya kamar mai ruku'u, ya soka mini allura a ƙashin baya. Ya ce ya haɗa da maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma idona biyu za a yi aikin.

Ba a jima ba ƙafafuna suka yi nauyi, na daina jin su. Ni kuwa a gabana babana ya rasu a Gagarawa. A ranar, kawuna ya taɓa tafin ƙafarsa, ya ce, "Daga nan rai yake fara fita."

Abin ya haura mini gwiwa, ya kai cinya. Na kama kalmar shahada, ina jiran ya iso ƙirji.

A cibiya ya tsaya. Sai hancina ya ɗauki ƙaiƙayi.

Wani malamin jinya da ke kusa da ni ya ce, "Maganin ne, Malam. Sosa abinka."

Na sosa. Na wanke gawa da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ta yi susa ba.