Madam Gizela da Dutsen Kwallin Afra

Madam Gizela Bajamushiya ce, maƙwabciyata a nan unguwar La Guillotière, ƙofarta na kallon tawa. Tun rasuwar maigidana Malam Illiassou, Allah ya jiƙansa, kusan kullum ita nake fara gani da safe, doguwa, kai fari fat, da takalmi irin na maza.

A butikin Salifou muka fara magana. Na tarar tana jujjuya guntun kanwa, tana leƙa shi da wani ɗan gilashi da ke rataye a wuyanta. Na zaci wake za ta dafa, na ce kada ta cika. Ta yi dariya, ta ce ita in ban da dankali ba ta iya dafa komai ba, kanwar ta kallo ce. Da na shiga wurinta na ga haka ne. Bakin tagarta cike yake da gishirin Balma da jar kanwa da duwatsu masu sheƙi.

Labarinta kaɗan-kaɗan na ji shi, da faransancinta mai nauyi da nawa na kasuwa. A wani ƙaramin gari kusa da Jena aka haife ta, ubanta mai goge gilashin tabarau ne. Ta yi karatu mai zurfi, amma ba ta samu fita ba sai da katangar da ta raba ƙasarsu biyu ta faɗi. Ta zo Paris, daga nan Grenoble, inda ta yi aiki har ta yi ritaya. Na tambaye ta aure, ta ce ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya tarar tana labo, ɗakin bincikensu, ya gaji da jira.

Aikinta kuwa, wai haska dutse take da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. In hasken ya ratsa, sai ya bar ɗige-ɗige, kuma kowane dutse da irin nasa. Na ce kamar askar gado kenan a fuskar mutanen da, kana gani ka san gidan da mutum ya fito. Ta ce haka ne, ta ma fi son wannan bayanin da nata.

Bara ne jikata Afra ta fara ramewa. Uwarta Rauda, 'yata, tana Saint-Denis, kusa da Paris, da mijinta Moctar. Yarinyar da ta fara tafiya ta daina cin abinci, sai kuka. Likita ya ce akwai dalma a jininta, in ta ci gaba da taruwa za ta taɓa ƙwaƙwalwa. Aka turo ma'aikata suka duba fentin gidan, da ruwan famfo, da kayan wasanta, ba su ga komai ba. Aka sake awo, abin ya ƙaru. Ni dai carbi na riƙe, don ban san me zan yi ba.

Gizela ta gamu da ni a matakala, ta ce fuskata ba daidai take ba. Na gaya mata, na nuna mata hoton yarinyar a waya. Ta buɗa hoton da yatsu, ta daɗe tana kallo.

"Hassia, wannan baƙin na idonta fa?"

"Kwalli ne. Kowane jariri ana sa masa a wurinmu."

"An gaya wa likita?"

Ba a gaya masa ba. Ya tambayi abin da take ci da abin da take sha da abin da take lasa, kwalli kuwa ba abinci ba ne, ba magani ba, wa zai tuna da shi? Ga shi duk ranar asibiti Rauda goge mata take yi, don ta gaji da kallon da ake yi musu a jirgin metiro. Dutsen kuma Hajiya Rékia, uwar Moctar, ta aiko da shi daga Damagaram lokacin suna, ana niƙawa ana sa wa yarinyar bayan wanka.

Gizela ta ce in kira Rauda yanzu a dakata da sa kwallin. Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A kicin ɗin Rauda, Gizela ta auna nauyin dutsen a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi da gindin cokali, sai ya farfashe ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu kamar sukarin ƙwaya. Ta ce tana jin ta gane shi, amma ba ta yanke magana kan 'yar mutane da zato. Ta ƙunshe ɓarɓashin ta kai wa wani tsohon ɗalibinta mai suna Taha, wanda ke da irin na'urar. Amsa ta fito, dutsen dalma ne. Yarinya ta murza ido, ta kai hannu baki, shi ke nan hanyar.

Rauda ta fashe da kuka, tana cewa da hannunta ta yi. Gizela ba ta iya rarrashi ba, sai ta ɗauko mata mayafi ta ce, "Tashi mu je wurin likita. Yau muna da abin gaya masa."

Moctar ya kasa kiran uwarsa, ni na kira. Muka gaisa, gida da iyali da damina, sannan na faɗa mata. Ta ce duk 'ya'yanta da irin dutsen ta yi musu kwalli, ba ta sani ba. Sai ta ce a raba yarinyar da shi, kuma a gaishe mata da baturiyar.

Bayan 'yan watanni Rauda ta kira ni daga ƙofar asibiti. "Inna, awon ya sauka. Ga ta nan ma ta ƙwace mini burodi tana ci."

Ko takalmi ban sa ba na ƙwanƙwasa wa Gizela. Ta tambayi abin da awon ya nuna, na sake kiran Rauda ta karanta mata. Ta ce da saura, amma hanyar ke nan, a ci gaba da zuwa awo. Sannan ta zauna a kan matakala, ta cire tabarau tana goge ido da bayan hannu. Na zauna kusa da ita kaɗan, kafin na shiga na yi alwala na yi raka'a biyu.