Rodin da Kawu Bitrus Yake Ba Ruwa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kakuri ya san Kawu Bitrus da bokitinsa. Kowace safiya zai zagaya bayan shagona na markaɗe, ya juye ruwa a kan ƙasa tsirara, inda ko ciyawa babu, sannan ya tsaya yana kallo kamar mai jiran tsiro. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon mai gyaran wuta a masaƙa. Masaƙar ta rufe tuntuni, shi kuwa bai taɓa cire biro daga bayan kunnensa ba.

Mutumin nan ba ya taɓa waya sai ya yi lissafi. Kwali, bango, takardar waƙoƙin coci, duk allonsa ne. In ya ga mai gyara a kan tsani, zai tambaye shi da me ake ninkawa in za a san ƙarfin da inji mai layi uku yake ja. In aka yi shiru sai ya ce, "Ɗaya, ɗigo, bakwai, uku, biyu. Ba ka san shi ba? Sauko, matarka tana son ka." Ya sauko da magidanta masu furfura a haka.

Ni kam na sha wuyarsa lokacin da na kafa injina. An kawo inji, an ja layi uku, mata har sun fara ajiye bokitan gero da wake, sai Kawu ya ce ba zai haɗa ba. Wai in wata rana waya ta goge ta taɓa jikin injin, dole wutar ta sami hanyar gudu cikin ƙasa da yawa, yadda fis zai ƙone nan take ya yanke wutar. Ya auna ƙasata, ya raba ɗari biyu da arba'in da abin da ya samu, ya ce amfiya shida kawai za su wuce, fis ɗin kuwa na talatin ne, ko gezau ba zai yi ba. Na ce ni ban gane ba, kuma na gaji.

"To bari in faɗa miki da Hausa, Saratu. Ƙasa ta ƙi karɓa, fis ya ƙi ƙonewa, ke kuma kina tsaye cikin ruwan ƙullu ba takalmi. Ta ina kike so wutar ta bi?"

Sati uku ya riƙe ni. Ya sa aka haƙa rami, aka kafa rodin ƙarfe ɗaya, ya haɗa shi da jikin injin da waya, ya auna, ya girgiza kai. Aka ƙara na biyu, na uku, na huɗu, aka zuba gawayi da gishirin da zai ishe ni miyar shekara. Na yi kuka, na kai ƙararsa wurin Mama, ta ce ai tun yana yaro haka yake, ko rake zai sha sai ya ƙirga gaɓoɓi.

Daga nan aka shiga ban ruwa, don ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Hajiya Ladi, mai kawo markaɗen ƙosai daga Tudun Wada, ta taɓa tsokanarsa, ta ce Baba me aka shuka ne, shekara uku ba ganye? Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ranki na shuka, Hajiya." Muka yi ta dariya, ni har da riƙe ciki.

Da ciwo ya kwantar da shi, na dafa masa faten acca na kai asibiti. Bai tambayi yara ba, bai tambayi kasuwa ba, sai ko na ba rodi ruwa. Na ce na ba shi. Ƙarya nake yi, kuma ya gane, don ya daɗe yana kallona. Bayan an binne shi na ci gaba da zubawa, ba don na yarda ba, sai don kunyar wannan kallon. Ga ruwa da wahalar samu, ga wutar ma sai ta ga dama take zuwa, wallahi wata safiyar ina zubawa ina mita.

Bara da rani, ana tsakiyar markaɗe da hantsi, Hajiya Ladi ta dafa jikin injin tana tura wake, ƙafarta cikin ruwa. Sai muka ji tas, inji ya tsaya. Ta ja tsaki, ta ce an sake ɗauke wuta. Amma fankar maƙwabta tana juyawa. Da mai gyara ya buɗe, ga waya ta goge ta manne da ƙarfe, ga fis ya ƙone ƙurmus. Hajiya ta kalli tafin hannunta, ta zauna a ƙasa. Washegari ita ta riga ni zuwa bayan shago, da bokitinta.

Har yau ban iya lissafinka ba, Kawu, kuma bayana yana ciwo, amma ina zubawa. Allah ya ba ka hutawa, ya sanyaya ƙasar da kake kwance a ciki.