Ƙusoshin Fundi Lali da Ƙyauren da Ake Yaba Mini

A da, kullum da hantsi za ka tarar da Fundi Lali Kombo (Fundi muke ce wa gwanin sana'a) a gindin mangwaron bayan kasuwar garinmu Lamu da ke bakin teku, yana feƙe ƙusoshin itace masu tsawon yatsa. Sai sun kwana arba'in a rana yake yarda a kafa su. Busasshiya ce ke shan danshin teku, ta kumbura cikin raminta, ta riƙe katako har jikoki. Ta ƙarfe kuwa tsatsa ke cinye ta a garin nan.

Bana ido ya gaza, ya ajiye aiki bayan shekara arba'in da biyu. Ni kuma na shekara talatin ina kishinsa, ba zan ɓoye ba.

Tare muka koyi sassaƙa wajen mahaifina. Ni nake zana furanni a ƙyaure, shi aka bar wa ƙusa, ina ta yi masa dariya. Amma da tsohon ya kwanta ciwon ajali, shi ya miƙa wa wuƙarsa, ina zaune ina kallo.

Don haka da aka ba ni aikin ƙyauren masallacin unguwarmu, na ƙi neman ƙusarsa. Na feƙe nawa ɗanyu, na kafa. Cikin wata uku suka bushe suka tsuke, ƙyauren ya fara sunkuyawa. Da ya faɗi, da babu mai sake ba ni aiki.

Ran nan sai ga Lali da jakarsa.

"Shebwana, ƙofar nan taka tana riga liman ruku'u."

"Ina ruwanka, Lali?"

"Da ruwana mana, ta nan nake shiga! Riƙe mini nan, ka yi shiru."

Ƙusa goma sha shida ya sauya. Ladan ya leƙo, Lali ya ce masa mai muke shafawa. Har yau in baƙi suka tambayi wanda ya yi ƙyauren, ni Lali yake nunawa da sandarsa, abin kuma ya fi zagi ci mini rai.

Kai ne mai riƙon ɓoye kamar ƙusarka, Lali. Na gode, ko da yake wuƙar nan har gobe tana cikin raina. Ku kuma masu tasowa, ku je ku zauna gabansa ku koyi jiran kwana arba'in.

Jama'ar unguwa, yau na faɗa muku: furannin ne kawai nawa. Ƙyauren da kuke shiga ta cikinsa sau biyar a rana, Lali ne ya tsayar da shi.