Kurɓi Ɗaya a Gonar Sanda

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Malumfashi ya san wata doguwar mata mai tabarau da ke taka keken ɗinki a ƙarƙashin rumfar kara. Ana kai mata wando ta rage ƙafa, ana yi mata tsawa in ta yi jinkiri, kamar da allura aka haife ta. Malama Liatu ke nan. Da ana adalci a ƙasar nan, da alli ne a hannunta har yau.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ita ce malamar Turanci a wata makarantar sakandare ta mishan da ke gefen Maska. A lokacin, duk yaron da aka ji ya yi Hausa a makarantar, sai a rataya masa ƙahon akuya a wuya ya yini da shi. Malama ta ce ajinta ba garke ba ne. Ita sai ta tashe ka tsaye, ta ce ka ba da labarin yadda kakarka ta kama ɓarawon kaji, da Turanci. Ka yi kure, aji ya yi dariya, ita ma ta yi har sai ta cire tabarau, sannan ta gyara maka ka sake. Yaran da suka zo baki a ɗinke, kafin shekara ta zago sai an roƙe su su yi shiru.

Cikinsu babu mai surutu kamar Jibo, ɗan wani Bamaguje mai suna Sanda daga wani ƙauye a bayan Dandume. Ƙahon nan ya daɗe a wuyansa har ya ce a bar masa shi gado. Amma in Malama ta shigo, Jibo yakan natsu kamar an zuba masa ruwan randa.

Aka dawo hutun Kirsimeti, bencin Jibo babu kowa. Wansa ya tafi aikin jirgin ƙasa, auduga ta yi fari fat a gona ba mai tsinka, Sanda kuwa ya ce boko ya isa haka. Shugaban makaranta, Malam Ishaya, ya ce ranar Litinin zai ba wani gurbin.

Malama ba ta yi gardama ba. Ta tambayi aji wa ya iya tsinkar auduga. Tambayar banza, dukansu a gona aka yaye su. Ranar Asabar suka hau bayan wata motar auduga da ta dawo daga Funtua ba kaya, suka sauka a gonar Sanda a matsayin 'yan gayya.

Jibo yana cikin kunyar auduga ya ɗago kai, sai ya ga malamarsa ta ɗaure zane a ƙugu, tana tsinka tana tambayar yara sunan kowane abu da Turanci. Ya rasa ko ya gaishe ta ko ya shige ramin ɓera. Kafin rana ta karkata gonar ta koma kara zalla.

To, a wajen Maguzawa gayya ba ta tashi sai da giya. Aka fito da tuwo, aka fito da tulu. Malama ta ce yara tuwo kaɗai za su ci, Sanda ya yarda. Amma ya cika ƙoƙo da hannunsa, ya zo ya tsaya a gabanta.

“'Yata, kun yi mini aiki. Yanzu me kike so?”

“Jibo nake so, Baba. Ya koma aji.”

“Mutanenku sukan zo nan,” in ji Sanda. “Su tsaya daga bakin danga suna toshe hanci, ko ruwan gidana ba sa sha. Haka zan ba ku yaro, ya dawo yana toshe mini hanci? Wanda ya yi gayya ya ƙi ƙoƙon mai gona, ba taimako ya zo yi ba, gori ya zo yi.”

Jibo ya san dokar mishan a kan giya, kowa ya sani. Ya matso ya ce, “Baba, ita ba ta sha. Kawo in taimaka mata.”

“Kai, rufe mana baki,” in ji Malama. Ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ta durƙusa, ta kurɓa sau ɗaya. Fuskarta ta yamutse kamar ta tauna ɗanyar tsamiya. Ta miƙa masa ta ce, “Na gode, Baba. Allah ya maimaita mana.”

Sanda ya juya wajen ɗansa. “Ɗauko akwatinka.”

Labari ya riga motar isa makaranta, kuma a hanya ya yi ƙiba. Kurɓi ɗaya ya zama tulu guda, har da rawa. Malam Ishaya ya tara dattawan majami'a. Shi kansa ɗan Bamaguje ne, duk yankin an san da kuɗin giyar uwarsa aka saya masa wandonsa na farko. Amma ya zauna yana kaɗa kai, wai an ɓata sunan makaranta a gaban arna. Ba wanda ya tambayi me ya kai ta gonar. Tambaya ɗaya suka yi mata, ta sha ko ba ta sha ba. Ta ce ta kurɓa. Suka ce ta tashi a gaban jama'a ranar Lahadi ta ce ta yi nadama.

“Ba daɗi, wannan na yarda,” in ji ta. “Nadama kuwa ban yi ba, ba zan tsaya a majami'a in yi ƙarya ba.”

Suka sallame ta.

Jibo ya tsallake danga ya bi ta har tashar motar Funtua, akwatinsa a ka. Ya ce shi ma ya bar makarantar, su dafa ta su cinye.

Malama ta dube shi ta saman tabarau. “Wato abin nan mai tsami a banza na sha?”

“Malama, zalunci ne.”

“Zalunci ne mana. Faɗa mini da Turanci.”

Ya faɗa. Ta gyara masa wuri ɗaya, ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce, “To, ɗauki akwatinka ka koma. In ka gama, ka zo in ɗinka maka riga.”

Ya koma, ba don yana so ba. Abin haushin, da ya kai ajin ƙarshe ba wanda ya kama ƙafarsa a Turanci, sai Malam Ishaya ya mai da shi abin nuna wa baƙi. Ranar rabon kyaututtuka ya tashe shi a gaban iyaye da Turawan mishan, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ga ɗan da makarantar nan ta tsamo daga duhu, ya ce ya yi wa baƙi jawabi.

Jibo ya gyara wuyan riga. Cikin Turanci mai kyau, ba kure ko ɗaya, ya ce makaranta ba ta tsamo shi daga ko'ina ba, gurbinsa ma ta so bayarwa. Ya ce wadda ta je ta ɗauko shi sunanta Malama Liatu, tana ɗinki a kasuwar Malumfashi, in akwai mai yagaggen wando. Sannan ya maimaita da Hausa, don Sanda da ke zaune a baya ya ji.

Ba a ba shi kyautar ba. Takardar kammalawa kuwa ba su da yadda za su hana shi. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya hau motar Malumfashi. Malama ta karanta, ta ninke, ta ɗauko magwajinta ta ce ya miƙe hannu, ya daina motsi.