Ranar Ruwanmu Laraba Ce

Takardar shafi biyu ce, kuma har yau tana cikin jakar robar da nake ajiye takardun makaranta. A samanta an rubuta sunan kwas ɗin, gabatarwa ga ilimin kwamfuta da sadarwa, wanda duk ɗan aji ɗaya a jami'armu sai ya yi shi. Ƙasa kuma ƙa'idoji ne a jere. Malamin ya raba mana ita ranar farko, ya ce kowa ya karanta, don daga ranar babu wanda zai ce bai sani ba.

Ni dai na karanta, ina jin ya fi sau goma. Darasin gwaji a ɗakin kwamfuta kowace Laraba ne da safe. Wanda ya rasa uku ba tare da uzurin da aka karɓa ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Uzuri kuma ta imel kaɗai ake kai shi, daga adireshin da jami'a ta ba ɗalibi. Ba a sa wa wani hannu a takardar halarta. Ba a shiga imel ɗin wani da lambar sirrinsa. Malami ba ya karɓar kyauta daga ɗalibi. Na ja wa kowace layi da jan biro.

Mu biyu muka samu shiga daga ƙauyenmu da ke gefen Bunkure, ni da taubashina, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara ɗaya. Ɗaki ɗaya muka kama. Da ya gan ni da jan biro sai ya fashe da dariya.

"Alƙali, har ka fara shari'a? Ko kwamfutar ba mu taɓa ba tukuna."

"Ka karanta taka dai, Yaya."

"Ina da kai, me zan karanta? Ai bawana ya karanta mini."

"Wa ye bawan naka? Kai da ka zo riƙe mini jaka?"

Haka muke tun muna yara. Ya fi ni kai, wannan ba na tantama. A Larabar farko, kafin in gano inda harafin farko na sunana yake, shi har ya buga layi uku yana leƙen allona yana mini tsiya. Ranar ce aka ba kowa 'yar guntuwar takarda mai ɗauke da adireshin imel ɗinsa da lambar sirri. Ya miƙo mini tasa.

"Sa a jakarka, Alƙali. Ni a aljihuna wanki zai cinye ta."

Na sa ta a bayan tawa.

A makon ne Kawu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokacin rani ne, an gama dashen tumatir bai fi mako biyu ba. Ga wanda bai san yankinmu ba, ruwan da muke noma da shi ba kullum ake sako shi ba. Kowane ɓangare da ranarsa, kuma a shekarar ranarmu Laraba ce. Gonar Kawu a ƙarshen layi take, ruwa sai ya bi ta gaban gonakin mutane da yawa kafin ya iso. In ba ka tsaye a bakin magudanar ruwan da bututun da kake jawo shi zuwa gona, ka bi ta sama kana roƙon wannan kana faɗa da wancan, har a rufe ruwa fangalinka a bushe yake. Kuma ba ka da wanda za ka wakilta, don ranar kowa tasa gonar yake ji da ita. Yaya shi ne namiji babba a gidan.

Sai ya zama yana tafiya gida Talata da yamma, ya dawo Alhamis da sassafe da taɓo a bakin wandonsa. Larabar farko da ya rasa ita ce wadda aka koya mana yadda ake buɗe imel a aika saƙo.

Ya roƙe ni sau ɗaya in sa masa hannu. Na ce ƙa'ida ta hana, kuma in an kama mu biyu za a kora daga kwas ɗin. Bai ja maganar ba. "Na sani, Alƙali, gwada ka na yi," ya ce. Ba wannan ne ke damuna ba. Har yanzu ina ganin ban yi kuskure a nan ba, ko da yake ban cika tabbata ba.

Abin da ke damuna ya faru ne ranar wata Juma'a da muka je gida tare duba Kawu. Muna zaune a tsakar gidanmu, na ce masa ya kamata ya aika wa malamin uzuri ta imel kafin ya rasa ta uku. Mahaifiyata, wadda ƙanwar Kawu ce, tana tsince shinkafa a faifai, ta ɗago kai.

"Mene ne kuma imel?"

"Kamar wasiƙa ce, Inna, amma ta kwamfuta."

"Malaminku guda za a aika wa wasiƙa? Yana gari kana gari? Tsaranka ne?" Sai ta juya ga Yaya. "Kai, kada ka biye wa wannan. Ka je da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaya masa halin da ubanka yake ciki. Kuma kada ka je hannu rabbana."

"Kin ji ko, Gwaggo," in ji Yaya. "Ni ma abin ya yi mini nauyi a rai. To Alƙali, me ka yanke?"

Na san abin da takardar ta ce. Na ja masa layi da hannuna. Amma da na kalli Inna sai na ji kamar in na musa mata na zama marar tarbiyya, kuma ni kaina ban taɓa ganin wanda ya kai wa babba uzuri a rubuce ba. Sai na ce, "To, wataƙila zuwan ya fi. Ina ganin ba za a ƙi mutum ya zo da kansa ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na ce a'a, ina jin da ya saurare ni.

Sau biyu ya je ofishin malamin yana tarar da shi a kulle. A na uku ya tafi da ƙaramin kwandon tumatir na gonar maƙwabcinsu, wanda ya riga nasu nuna, an rufe bakinsa da ganye. Lokacin ya riga ya rasa Laraba uku. Ya dawo ɗaki da kwandon a hannu, ya ajiye shi bayan ƙofa.

"Ya aka yi?"

"A baranda na tare shi, yana sauri zai shiga aji. Na durƙusa, ya ce in tashi, ba a yi masa haka. Na fara bayani, ya ga kwandon, ya ce ba ya karɓa, in je in karanta takardata. Sai ya ce in ba shi lambata ta rajista. Ya rubuta a bayan littafinsa ya wuce."

"Ya rubuta lambarka?"

"Ya rubuta. Ka ga shi ke nan, na shiga baƙin littafi. Yanka tumatir ɗin nan mu yi miya, Alƙali, kada a yi biyu babu."

Mu biyu duka haka muka fassara abin. A makarantun da muka yi, malami ba ya rubuta lambarka don alheri.

Ya ci gaba da zuwa ruwa. Ni kuma kowace Laraba ina zaune gaban kwamfuta, 'yar takardarsa tana cikin jakata a kan cinyata. Ya faɗo mini a rai ba sau ɗaya ba in buɗe in aika uzurin da sunansa. Sai in tuna layin da na ja, in waiwaya in ga ko ana kallona, in fasa. Ɗakin kwamfutar kuwa rukuninmu Laraba kaɗai ake bari ya shiga, wayoyinmu kuma ƙanana ne masu tocila.

Da aka liƙa sunayen waɗanda ba za su zauna jarrabawa ba, lambarsa ce ta huɗu. Ya tsaya ya kalla, ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ya tafi tasha.

Larabar ƙarshe, bayan komai ya wuce, na karya ƙa'idar. Ban san dalili ba. Na fito da takardarsa na buga lambar sirrin. Saƙonni ne na sanarwa da ba a taɓa buɗewa ba, a tsakiyarsu kuma akwai ɗaya daga malamin, shi kaɗai aka aika wa, a ranar da ya je da kwandon. Gajere ne. Ya ce ya fahimci akwai rashin lafiya a gida, ya yi masa jaje. Ya ce ya amsa wannan saƙon ko da layi ɗaya ne don uzurin ya shiga rubuce, sannan ya riƙa zuwa ranar Asabar tare da wani rukuni ya rama darussan. Ya ba shi mako biyu. Ga shi har an yi mako biyar.

Na rufe, na zauna har mai kula da ɗakin ya ce lokaci ya yi.

Doka ta ba shi damar sake kwas ɗin baɗi. Amma Kawu ya rasu da damina, gida ya dawo kansa, ya ce zai jinkirta shekara ɗaya. Bai koma ba. Ba zan ce kwas ɗin ne kaɗai ya hana shi ba, mai yiwuwa ko ya ci da bai ƙarasa ba. Ina gaya wa kaina haka, wani lokaci in yarda.

Na gama, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kura. Duk shekarun nan ban gaya masa ba. Shi kuwa ko a taron suna ya gan ni sai ya ɗaga murya, "Ku ba Alƙali wuri, mai digiri ya iso."

Ranin da ya wuce na je na same shi a gonar, ranar ruwa. Yana tsugune a bakin magudana yana cika bututun roba, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya jefa shi cikin fangali ruwa ya kama. Na karɓi ɗaya na gwada, ya ƙi kamawa.

"Kawo nan. Wannan ba da biro ake yi ba."

Nan na gaya masa. Na fara da kame-kame, na ce akwai wata tsohuwar magana, wataƙila ma ba ta da amfani yanzu. Na faɗa masa duka, da saƙon, da ranar da aka aiko shi, da yadda takardarsa ta yi makonni a kan cinyata. Bai katse ni ba. Na zaci zai yi faɗa, ko ya mayar da abin wasa kamar yadda ya saba.

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kunya.

"Asabar ya ce?"

"Asabar."

"Ai Asabar ba mu da ruwa," ya ce a hankali. "Da na zo."

Sai ya ɗauki fartanya ya tafi ƙarshen fangalin, inda ruwa ya fara tsallakewa, ya shiga toshewa. Na tsaya riƙe da bututun da ya ƙi kama mini, ban san ko in bi shi ba.