Finjali bakwai a ɗakin ƙarin ruwa

Shekarun baya kaɗan, ina ɗalibi a Riyad, likita ya ce ina da ciwon daji. Shekarata ashirin da huɗu. Abokina kaɗai na faɗa wa. Mahaifiyata tana Kano da hawan jini, don haka duk ta kira sai in ce karatu ne ya yi min yawa. Haka muka yi wata biyu kafin a fara min magani.

Ranar farko a ɗakin ƙarin ruwa, nas ta tambaye ni ina murafiƙ, wato mai jinya. Na ce ba ni da shi. Da yake ni mutum ne mai son ganin ƙwaf, sai na kama kallon mutane. Kusan duk sun haife ni, kuma kowa da ɗan'uwansa a gefe, da fulas da dabino kamar an zo suna. Na rasa gane yadda mutum zai zo shan kemo, maganin ciwon daji, da kayan tarbar baƙi.

Dattijon da ke kusa da ni ya sa babban ɗansa ya zuba min gahawa. Na shanye don kunya, na miƙa finjalin. Ya sake cikawa. Ya ishe ni, amma a gidanmu ba a mayar da hannun babba. Sai da na sha bakwai, sannan na kelaya amai a gabansu.

Dattijon ya ce, "Ya waladi, ɗana, me ya hana ka girgiza finjalin?"

Ashe a wajensu, in ya ishe ka, kaɗa finjalin kake yi kafin ka miƙa. In ba ka kaɗa ba, ƙari kake nema.

Na ce, "Kunya na ji, Baba."

Ya ce, "Kana shan wuya ka yi shiru, ta yaya za mu sani? Ina mutanenka?"

Da na fito, a bakin asibitin na kira mahaifiyata na faɗa mata komai. Ta ce, "Wata biyu ina jin abin a muryarka. Ina ta addu'a ban san me zan roƙa ba. Yanzu na sani."

Na warke, alhamdu lillahi. Amma har yau in na tuna wata biyun nan, kunyarta nake ji. Na ɗauka lallaɓa ta nake yi, ashe ita kaɗai na bari da zullumi.